Jan Zare a Wuyan Kwalba

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda. Ina fata kina lafiya, karatu yana shiga, kwamfutar makarantarku ba ta cinye miki ido ba. Mu nan lafiya lau. Mamanki ta warke daga murar nan, faɗanta ya dawo cif, ko ƙwaya bai ragu ba. Ni kuwa gwiwar hagu ce kawai take yi mini tsegumi in zan tashi.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Wayata ta faɗa kwata a wurin aiki, ta riga mu gidan gaskiya. Ta Mamanki kuma kin sani, in na ɗauka tana tsaye a kaina tana gyara mini magana. Shi ya sa na nemo biro. Aji huɗu na yi na gudu, don haka inda kika ga rubutun ya yi tuntuɓe ki taimaka ki ɗaga shi. Direban da ya kai ki makaranta shi zai riƙa kawo miki, ranar da ya ga dama.

Labari kam akwai. Kamfaninmu ya daina dogon fim. Yanzu gajeren bidiyo ake yi na waya, minti biyu, a ɗora a intanet. An kawo sabon Darakta mai ɗan gemu kamar an ɗiga tawada, ya sallami Dogo mai kyamara, wai ya tsufa. A madadin Dogo mutum uku aka sa, kowa da waya a hannu, suna zagaye mu kamar masu kallon haɗarin mota.

Kin san aikin ubanki. Shekara ashirin da huɗu ana dukana a fim, har sunan Sha-Duka ya binne nawa na gaskiya, amma hannun ɗan Adam bai taɓa sauka a fuskata ba. Naushi ya wuce da tazarar taƙi guda, ni in jefar da kai, Dogo kuma yana bayan kafaɗar mai dukan, inda ba a ganin tazarar. Daga baya mai sauti ya liƙa ƙara. Mu ukun nan muke dafa dukan, masu kallo su ci.

To ran Talata Guduma, jarumin namu, ya kawo mari. Na juya kai yadda na saba, na yi faɗuwa mai kyau, har ni kaina na ji tausayina. Darakta ya duba wayar da ke gefe ya ce, "Baba, ai babur zai wuce tsakanin hannunsa da kuncinka." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na yi nisa ba, mai wayar ne ya tsaya inda ba a tsayawa." Ya ce shi ba ya son tsohon yayi, masu kallo sun waye, kuma ba shi da wanda ya iya liƙa sauti. A taɓa kawai, kaɗan.

Uwata, kaɗan ɗin Guduma buhun siminti ne. Na ga walƙiya da rana tsaka babu hadari, kunnena ya yi ta kiran wani da ba ya nan. Kowa ya tafa. An ce mutum dubu ɗari sun kalla. Ashe shekarun nan duk ɓarnar basira na yi, kuncina kawai duniya take so.

Ki ci abinci, ki bi malamai.

Mahaifinki,
Sha-Duka

*

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama. Wasiƙarka ta iso bayan kwana tara tana warin fetur. Ni lafiya, sai wuya da ke ciwo saboda zama gaban kwamfuta.

Na karanta wa ƙawayena zancen buhun siminti, muka yi ta dariya har aka leƙo daga ɗakin kusa. Na ce musu haka kake, ko sauro ya cije ka sai ka ce harbi ne.

Wannan watan sauti muke koyo. Ɗakin ba shi da taga, bangonsa duk soso. Malam ya shigo da kabeji, da karas, da jiƙaƙƙen tawul. In naushi ake so, a dunƙule hannu a daki kabeji. Mari kuma tawul ne a kan tebur. Karaya, a karya karas kusa da makirufo. Jiya sau bakwai na karya wa wani mutum ƙafa, daga baya na cinye ta. Wata mai zuwa za a koya mana sa jini da kumburi a kwamfuta. Saura wata huɗu mu gama.

Ka ce wa Daraktan ya turo mutanensa su koyi aiki, sati biyu ya ishe su sanin inda ake tsayawa. Ko kai ka koya musu mana, Baba, wa ya fi ka sani?

'Yarka

*

Uwata,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki rage cin ƙafar mutane. Ki gode wa ƙawayenki da dariya, da ma ita muke nema.

Ni kuma na rage nauyi. Haƙorina na ƙasa ɗaya ya yi murabus ran Alhamis. Guduma ne ya raka shi, da naushin dama, a wani wasa da na fito ɓarawon akuya. Na faɗi, bakina ya cika da gishiri, na tofar, sai ga shi yana gangarawa ƙarƙashin benci. Darakta ya ce kada kowa ya taɓa, aka sunkuya da waya uku ana ɗaukarsa. Haƙorin nan shekara hamsin yana mini aiki ba a taɓa haska shi ba sai da ya bar ni. Guduma ya biyo ni bakin famfo yana cewa, "Baba, ka yafe mini, shi ya ce in sake hannu." Na ce na yafe, amma gobe ya tuna ina da iyali, shi kuma yana da hannun hagu.

Na kai wa Darakta saƙonki na makaranta. Ya ce kullum sai an ɗora bidiyo ɗaya, wa zai riƙe waya in an tafi karatu? Zancen in koya musu kuwa, Uwata, ke yarinya ce. Kin taɓa ganin kaza ta tashi daga kan ƙwai ta ce wa maƙwabciya zo ki ɗana? Ɗan abin da na sani shi ne rigata. In na tuɓe na raba, ranar za a sallame ni kamar Dogo.

Sati mai zuwa akwai babban wasa, a shago, Guduma zai fasa mini kwalba a ka. Kada ki damu, wannan kam nawa ne. Kin tuna kwalbar da nake dafawa kina ƙarama, kina lasar cokali? Ita ce. Sukari da ruwa a wuta har ya yi danƙo, a zuba a mazubi, a juya, a bari ya huce. In ta fito ko mai kamfanin lemo ba zai bambance ta da ta gaske ba, amma ɗan yatsa ya ishe ta ta watse. Jiya na ƙona tukunya biyu, Mamanki ta ce ta uku da kaina za ta kankare ta. Na ɗaura mata jan zare a wuya kamar kullum, ita kwalbar nake nufi, don a gane ta cikin 'yan'uwanta. In an zo ɗauka Dogo yakan juya zaren baya, ba ya fitowa a hoto.

Wannan karon zan sha duka mai zaƙi.

Mahaifinki mai giɓi,
Sha-Duka

*

Baba,

Ban san ko in tambayi lafiyarka ba, tunda na gani da idona.

Sati biyar ke nan babu wasiƙa. Direba ya ce ba a ba shi komai ba. In na kira Mama sai ta ce kana barci. Da safe barci, da la'asar barci.

Yau a aji Malam ya kunna mana wani bidiyo da ke yawo, ya ce mu saurara mu faɗi da me aka yi sautin. Sai ga ka a shago da hular ɓarawo. Na ce wa na kusa da ni, "Babana ne," ina murmushi. Guduma ya ɗaga kwalba ya sauke. Ba ta fashe ba, Baba. Ta yi wani irin ƙum. Ya sake ɗagawa. Da ta fashe, ɓaraguzan suka zuba a siminti suna ƙara kamar ƙararrawa. Na girma ina share ɓaraguzan sukari a tsakar gidanmu, na san ba sa ƙara. Na mayar da hoton baya ina bin sa ɗaya bayan ɗaya. Babu zare a wuyanta. Kuma ba ka jefar da kai ba, kai da kake jefar da kai tun kafin a haife ni. Zubewa ka yi.

Malam ya ce wanda ya sa jinin gwani ne. Na fita na yi amai.

Na sake karanta wasiƙunka biyu. Duk ka faɗa mini, ni ce na yi ta dariya, har ina tara mutane.

Na haɗa kayana. Ran Asabar zan biyo Direba. Karatun ya tsaya. Ina so in ga Daraktan nan, ina so in ga yadda fuskarsa take in aka taɓa ta kaɗan.

'Yarka

*

Uwata,

Na roƙi Direba ya juya da wannan a yau, ya sa miki a hannu kafin Asabar. Ki kwance kayan nan ki zauna ki karanta.

Lafiya dai ga ta nan, da sauranta. Rubutun zai yi ta hawa dutse yana sauka, da ido ɗaya nake yi. Kada ki ga laifin Mamanki, ni na sa ta rantse.

Ga yadda aka yi. Na ajiye kwalbata a kan kanta na je canza riga. Mai wayar tsakiya ya leƙa ya ce akwai wani jan abu da ke ɓata masa hoto. Sabuwar mai kula da kayan wasa, baiwar Allah mai son tsabta, ta tsinke zaren ta jefar, ta jera kwalbar cikin sauran guda goma sha ɗaya, ta goge su duka suna sheƙi. Aka ce a fara. Guduma ya miƙa hannu ya ɗauki ta kusa.

Bugun farko na ji kamar an rufe ƙofar ƙarfe da kaina a ciki. Na so in ce a tsaya, harshena ya ƙi zuwa. A aikinmu ba a tsayawa sai darakta ya tsayar, shi kuwa yana kallon waya yana cewa, "Ci gaba, ci gaba, yana kyau." Guduma ya zaci hannunsa ne ya yi sanyi. Sai ya ƙara ƙarfi. Daga nan na ji ɗumi yana bin wuyana yana shiga riga, na ga rufin shagon ya koma ja, na ji takalma suna matsowa. Ba ɗaukata suka zo yi ba, kusa suke so su ɗauka. Guduma ne ya fara ganewa, da ya ga tafin hannunsa a tsage. Shi ya saɓa ni a kafaɗa har titi yana kuka kamar ɗan maraƙi. Ɗinki goma sha huɗu. Kwalbar tawa kuwa tana nan a kan kanta lafiya lau, an ce tururuwa ce ta cinye ta.

Likita ya ciro gilashi a idon hagu. Yanzu da shi ina ganin Mamanki kamar ta cikin labule, wanda ba laifi in tana fushi. Amma ya ce in kan nan ya sake shan bugu, na daman ma zai bi ɗan'uwansa.

Kwana ashirin ina kwance ina neman wanda zan tsine wa. Na fara da Darakta, na bi ta kan mai zare, na zagayo, sai na tarar da kaina. Duk kamfanin nan mutum biyu suka taɓa sanin ma'anar zaren nan, ni da Dogo. Kalma biyar ta isa in faɗa wa matar nan. Na zauna a kan ƙwai har ya fashe mini a ka.

Yanzu ki ji. Bidiyon ya yi kasuwa, Darakta yana son kashi na biyu nan da sati uku, wannan karon da katako. Ya zo dubiya da lemo, a kwalba kuwa. Ban ce masa a'a ba. Ban iya komai ba sai faɗuwa, kuma gidan nan da faɗuwata yake ci.

In kin zo ran Asabar me za ki kawo mini? Hannu biyu da hawaye. Hannu muna da Guduma, hawaye muna da Mamanki. Abin da babu a garin nan shi ne wanda ya iya abin da kike koyo. Saura wata biyu da 'yan kwanaki. Ni na gudu daga aji huɗu, kin ga inda gudun ya kawo ni. Ki zauna.

Mahaifinki,
Sha-Duka na gaske yanzu

*

Baba,

Na kwance kayan. Ina gaida idon dama, a ce masa ya riƙe amana.

Zan zauna, amma da sharaɗi. Katakon nan ba zai taɓa ka ba. Ka kira Guduma gida, ka kira mai wayar tsakiya. Ka kama shi da hannunka ka tsayar da shi inda Dogo yake tsayawa, ka faɗa masa dalili, da baki, har ya iya maimaitawa. Waya ɗaya tak. Guduma ya kawo katako ya wuce da taƙi guda, kai kuma ka yi mini faɗuwar nan da kake jin tausayin kanka. Kada ku sa ja, kada ku yi ƙara. Ku cire memori ku ba Direba. Sauti da jini nawa ne, Malam ya yarda ya zama aikin jarrabawata.

In na gama zan turo a wayar Mama, ka kai wa Darakta. In ya iya nuna inda ƙaryar take, na yarda ban koyi komai ba.

Kada ka je wurin ɗauka kafin saƙona ya iso. Ka yi mini alkawari, ba da wasa ba.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa irin ta wanda ya ga abin mamaki da ido ɗaya. Muna lafiya, in ban da Guduma.

Mun yi yadda kika ce, ranar da Mamanki ta tafi kasuwa, don kada ta ga katako ta tayar da unguwa. Na kama mai wayar tsakiya a kafaɗa na dasa shi. Da ya leƙa ya ga tazarar ta ɓace sai ya ce, "Baba, shi ke nan dabarar?" Na ce shi ke nan, shekara ashirin da huɗu nake gadinta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai motar Direba ta lalace a hanya, memori ya kwana shida a aljihunsa. Ranar ɗauka ta zo babu saƙonki. Alkawarin da kika nema ban amsa ba, kin lura. Na sa hular ɓarawo na tafi.

Wani tsohon gareji ne. Na zauna a kan taya ina kallon katakon, mai kauri, da ƙusa ɗaya da aka lanƙwasa. Guduma ya riƙe shi, ya ce, "Baba, ni ba zan iya ba." Darakta ya ce in ba zai iya ba akwai masu iyawa a waje. Na tashi na tsaya a kan alamar alli. Na rufe idon hagu, tunda ba ya aiki, na bar na dama ya yi kallon ban kwana.

A daidai lokacin saƙonki ya shiga wayar Mamanki a gida. Ni da ke duka mun manta abu ɗaya. Ba wanda ya gaya mata.

Ta buɗe ta ga Guduma ya sauke mini katako a ka. Ta ji ƙashi ya karye. Ta ga jini ya fantsama a bango, ta gan ni a ƙasa ƙafata tana shure-shure. Ba ta tsaya lura da cewa bangon gidanta ne ba. Ta ɗauki muciya ta hau babur.

Ni dai na ji ƙofar gareji ta bugi bango. Kafin Guduma ya juya ta sauke masa a hanci. Uwata, na ji karas ɗinki, na ji na gaske, kuma wallahi naki ya fi. Ya zube ya riƙe fuska, jini yana bin yatsunsa, ta ƙara masa a gadon baya tana cewa, "Ka kashe mini shi, ɗan banza, saura me?" Ta juya kan Darakta, ya haye kan wata matacciyar mota ya bar takalmi ɗaya. Na ce, "Ke, wa aka kashe?" Ta dube ni. Ta dubi wayar. Ta zo ta shafa kaina tana neman ramin. Da ba ta samu ba sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, ta ce ni da 'yata ba za mu gama lafiya ba.

Darakta ya sauko ya karɓi wayar. Sau shida ya kalla, yana tsayarwa yana buɗe hoton da yatsa. Ya ce, "Yaushe aka yi maka wannan, kuma ya aka yi ka warke?" Na ce ba a yi ba. Ya ce, "To wa ya yi?" Na ce kabeji da 'yata. Sai ya tambaya wata nawa ake karatun.

Ba zan ce miki ya zama mutumin kirki ba. Abin da ya gane shi ne naki dukan ya fi nasa muni, kuma ana iya maimaita shi kullum ba a je asibiti ba. Ya ma so ya ɗora na Mamanki, don masu wayar sun ɗauka, kuma karon farko ke nan da suka tsaya daidai. Ta ɗaga muciya, ya fasa.

Kashi na biyu an ɗage shi sai kumburin hancin Guduma ya sace. Kafin nan kowace safiya ina tara su a garejin awa ɗaya, masu waya uku da mai kayan wasa. Jiya na koya mata dafa kwalba, ta ƙona tukunya, ta ɗaura zaren da hannunta. Na aika a kira Dogo. Wai yanzu Malam suke ce mini, ni mai aji huɗu. Kujerar sauti kuwa babu kowa a kai, na ce kada a taɓa, da mai ita.

Idon hagun ya rufe gaba ɗaya ran Lahadi, labulen ya zama bango. Kada ki yi kuka, ya ga abin da ya gani. Ki gama, ki karɓo takardarki. Ranar da za ki dawo zan zo tasha. In kin sauko daga mota ki tsaya ta hannun damana, Uwata, ki ɗaga takardar sama. Nan ne ake tsayawa yanzu.

Mahaifinki,
Sha-Duka mai ritaya